Ɗakin da Na Hana Turare

Sana'ata turaren wuta. Shi na gada wajen mahaifiyata, da shi na zo gidan aure a Tudun Wada, kuma ba yabon kai ba, duk amaryar da aka kai da turarena sai dangin miji sun tambayi inda aka samo shi. Idan baƙuwa ta sauka a bakin titi ba ta san gidan ba, ta ce wa mai keke gidan mai turare kawai, sauran aikin hancinsa ne zai yi. Labulena, katifata, har buhun shinkafar da ke cikin sito, babu abin da bai sha hayaƙi ba. Alhaji, maigidana, yakan ce ko a sahun masallaci ba ya ɓuya, na kusa da shi ya san gidan da ya fito.

A wannan fannin babu mai ja da ni. Inda aka raina ni a dangin Alhaji shi ne kiwo. Suna da wata magana da suka riƙe da gaske, wai kowa da irin hannunsa. Akwai mai hannun kiwo, wanda ko gurguwar kaza ka ba shi sai ta cika masa gida, akwai kuma wanda ba shi da shi. Ni aka sa a sahu na biyu, kuma gaskiya dabbobin ba su rufa mini asiri ba. Na sayi kaji, ciwo ya share su. Na sayi zabi, suka tashi suka bar unguwar gaba ɗaya. Akuyar da aka ba ni ta ci leda, cikinta ya kumbura, sai yankawa aka yi. Duk wanda ya ji labarin sai ya yi dariya, ni ma nakan taya su, don idan ban yi ba a ce na ji haushi.

Alhali ina jin haushin. Allah bai ba mu haihuwa ba, ni da Alhaji, kuma idan mace ta daɗe a haka, dangi kan ɗauko yarinya su ba ta riƙo. Ni ba a taɓa ba ni ba. Babu wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini dalili, sai dai wata rana a gidan biki na ji yayar Alhaji tana cewa, “Amarya ai mutuniyar kirki ce, sai dai abu mai rai ba ya zama a hannunta.” Yaya ita ta raini Alhaji bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ce babba a dangin, kuma har yau da na fara furfura Amarya take kirana. Ba muguwa ba ce. Tana faɗin abin da ta yi imani da shi ne, ba ta kuma taɓa tunanin yana yi mini ciwo ba.

Wata rana na kai turaren wata amarya Gyallesu. Uwar amaryar ba ta nan, aka ce in jira ta a gidan maƙwabciyarta. Ina yin sallama na ji tsakar gidan ya ɗauka da surutu kamar an tara 'yan mata a wajen kitso. Matar gidan wata dattijuwa ce siririya, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Tana zaune a kan tabarma, ga wani ɗan tsuntsu shuɗi a kafaɗarta yana jan bakin ɗankwalinta, ba a ɗaure ba, ba a keji ba. A tafin hannunta kuma akwai wani wanda gashi bai gama rufe shi ba, tana ba shi kunu da ɗan ƙaramin cokali.

Bayan mun gaisa na ce, “Hajiya, wannan wane irin tsuntsu ne?”

“Baji ake ce musu,” in ji ta. “Dangin aku ne, sai dai ƙanana. Waɗanda kike gani a kasuwa tsoron mutum suke yi. Nawa tun suna tsirara nake ciyar da su da hannu, shi ya sa ba sa gudun kowa.”

Ta miƙa yatsa, na kafaɗar ya sauko ya hau, ya karkata kai yana kallona da ido ɗaya. Ban san lokacin da na ce ina so ba. Na ce biyu nake so, mace da namiji, kuma yau ɗin nan zan tafi da su.

Hajiya ta ɗan ja hanci, ta dubi jakar da ke gefena, ta ce, “Ke ce mai turaren nan ta Tudun Wada?”

Na gyara zama, don na saba yabo ne ke biyo bayan wannan tambayar.

“To ki yi haƙuri, ba zan ba ki ba,” in ji ta. “Ki ma ɗan matsa da jakar nan can bakin ƙofa.”

Ta yi mini bayani ba tare da ɗaga murya ba. Ta ce huhunsu ba ya ɗaukar hayaƙi ko kaɗan. Ƙamshin da mutum zai shaƙa ya ce madalla, su yana iya kashe su kafin a ankara. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, hayaƙin gawayi, duk ɗaya ne a wajensu. Ta taɓa ba wata amarya guda biyu, ba a jima ba aka same su kwance a ƙasan keji, ɗaki yana ta ƙamshi. Tun daga nan ta daina ba duk wanda ba ta ga ɗakinsa ba.

Na fito raina a ɓace, a cikin keke har gida ina mita a zuci. A ce turaren da ake yi wa layi, shi ne yau aka ce in matsa da shi bakin ƙofa, kamar na shigo da kwandon daddawa! Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Ga wata kuma, wadda ba ta san labarin kajina ba, ba ta san Yaya ba, ta dube ni sau ɗaya ta yanke cewa abu mai rai ba zai zauna a gidana ba. Na yi ƙwafa na ce wallahi sai na koma.

Na koma ɗin. Na yi wanka da sabulu mara ƙamshi, na ari hijabin maƙwabciyata, don nawa ko sau nawa aka wanke shi sai ya tona ni. Hajiya tana ganina ta fashe da dariya, ta ce in zauna.

“Tunda kin dage, ga yadda nake yi,” in ji ta. “Ni ba irin cinikin kasuwa nake yi ba, a zuba maka a kwali ka yi gaba. Riƙo nake bayarwa. Za ki riƙa zuwa ki zauna har su san hannunki. Zan je in ga ɗakin da za su zauna. Ko bayan kin tafi da su zan riƙa leƙowa, kuma ranar da na ji hayaƙi a gashinsu, ko na ga suna numfashi baki buɗe, a ranar zan ɗauke abina, ba fushi ba gaba.”

Kalmar riƙon nan ta tsaya mini a ƙirji. Na ce na yarda.

Akwai wani ɗaki a ƙarshen gidanmu, kusa da bishiyar gwaiba, mai taga biyu. Shi kaɗai ne iska ba ta kai wa hayaƙin kicin, amma a nan nake tara itacen turare da kwalabe, don haka ya fi kowane ɗaki ƙamshi. Na kwashe komai. Na wanke bango da ruwan zafi, na sa aka sake shafe shi, na bar tagogi a buɗe har makonni, kullum sai na shiga na rufe ido na shaƙa in ji ko da saura. Suyar turaren da gwajinsa kuma na mayar da su can gefen zaure, ƙarƙashin wata rumfa da na sa aka kafa. Alhaji yana zaune a kujerarsa yana kallon ikon Allah.

“Ni shekara da shekaru ina tari a gidan nan,” in ji shi, “ba a taɓa matsar mini da kasko ko da taku ɗaya ba. Sai da tsuntsu zai zo.”

Na ce masa shi ai ya saba. Da bakinsa ya yi tsiyar, da hannunsa kuma ya buga wa tagogin raga saboda sauro da kyanwar maƙwabta.

A Gyallesu kuwa zama nake yi kamar ɗaliba, gero a tafin hannu, hannun a miƙe har ya yi tsami. Ni da ba na iya zama wuri ɗaya, sai ga ni na koyi yin shiru. Ranar da wata 'yar koriya mai ɗorawar kai ta sauko ta dafa yatsana, na ji ɗumin ƙafafunta da 'yan faratanta, ba ta da nauyin komai, sai da na riƙe numfashina don kada ta tashi. Ta ci geronta, ta goge baki a babban yatsana, ta yi zamanta.

Hajiya ta zo duba ɗaki ba tare da ta sanar da ni ba. Ta shiga ta shinshina bango, ta shinshina bayan ƙofa, ta tsaya a taga ta ga inda iska ke fitowa, ta tambayi abin da muke kunnawa na sauro. Ni mai gida ina tsaye a bayanta kamar wadda aka zo yi wa bincike. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba, ta sha ruwa ta tafi. Washegari sai ga ta da ɗan kwali mai huji-huji, a ciki ga koriyar nan da wani shuɗi namiji.

Daga nan safiyata ta canza. Na kafa ƙusa a wajen ƙofar ɗakin, na rataye wata tsohuwar doguwar riga da ba ta taɓa shan turare ba. Kafin in shiga sai na cire ta jikina na sa ta, na wanke hannu har gwiwar hannu. Abincinsu gero da acca, da ganyen alayyahu wankakke, wani lokaci da ɓawon dafaffen ƙwai da na daka. Namijin sarkin surutu ne, kuma bai daɗe ba ya koyi tarin Alhaji, yana yin sa daidai har da ɗan gyaran muryar ƙarshe. Macen kuwa 'yar mulki ce, idan ta ga dama ta hau kaina ta yi ta tsefe mini kitso, idan ba ta ga dama ba ta cije ni. Ina son su, so na gaske, har kunyar faɗa nake ji a lokacin.

Matan da ke zuwa sayen turare sukan tambaye ni, “Har yanzu dai suna nan?” Nakan ce suna nan, suna gaishe ku. Damina ta zo ta wuce suna nan. Aka yi sallah ƙarama da babba suna nan. Hajiya takan leƙo, ta ɗauki kowanne ta kai hanci, ta duba ƙirjinsa, ta mayar, ta koma Gyallesu hannu wofi. Duk ranar da na raka ta bakin titi na ga ta hau keke ba kwali, da wata irin tafiya nake dawowa gida.

Da Hajiya ta ga sun isa haihuwa, sai ta kawo mini ɗan akwatin katako mai rami, aka maƙala a jikin kejinsu. Ba a jima ba macen ta shige ciki ta daina fitowa sai cin abinci. Na leƙa na ga ƙwai farare, kowanne bai kai kan yatsana ba. Hajiya ta ja mini kunne. Ta ce yanzu kada a motsa kejin, kada a shiga da hayaniya, don idan uwar ta firgita ta tashi daga kwanci tana iya ƙin komawa.

A daidai wannan lokacin matar ƙanin Alhaji ta haihu. Su ɗaki biyu suke haya, don haka aka ce a gidanmu za a yi taron suna. Dangin Alhaji kuwa suna da wata al'ada da suka gada wajen mahaifiyarsu. Duk ranar taro, kafin baƙi su cika, babbar mace a dangi takan ɗauki kaskon turare ta zaga kowane ɗaki na gidan, tana addu'ar Allah ya tsare daga baki da ido. Ba a tsallake ɗaki, ko sito ne. Yaya ce mai ɗaukar kaskon, ni kuma tun zuwana gidan ni ce mai hura garwashi, in bi bayanta da kwanon turare ina ƙara mata. Ina alfahari da wannan matsayin, don turarena ne ake zagawa da shi.

Na san abin da ke tafe, don haka na roƙi Alhaji ya yi wa Yaya bayani tun da wuri. Ya ce in kwantar da hankalina, zai gaya mata. Alhaji mutum ne da ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya ba a taɓa jin ya ji tsoron wani shugaba ba, amma a gaban Yaya har yau yaron da ta yi wa wanka ne. Bai gaya mata ba, ni kuma bai gaya mini bai gaya mata ba.

Ranar suna na sa aka kafa murhunan girki can wajen zaure. Na rufe tagar ɗakin mai kallon tsakar gida, na bar ta baya, na jiƙa tsohon zane na toshe ƙasan ƙofa. Yaya ta iso daga gidanta na Dutsen Abba da hantsi, na hura mata garwashi, muka fara zagaye. Ɗakin Alhaji, nawa, na baƙi inda mai jego take, kicin, sito. Mata sun fara taruwa a kan tabarmi suna amsa mata da amin. Muna fitowa daga sito na ga ta miƙe ta nufi wajen gwaiba, a nan na gane ba ta san komai ba.

Na sha gabanta na tsaya a bakin ƙofar, na ɗan rusuna. Na ce, “Yaya, don Allah ki yi haƙuri, nan ban da shi.”

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. “Ban da me?”

“Ban da wannan ɗakin. Tsuntsayen suna ciki, macen tana kwanci. Hayaƙi kashe su yake yi.”

“Matsa, Amarya, garwashi na mutuwa. Shiga ɗaya zan yi in fito.”

“Ko shiga ɗayar, Yaya.”

Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ce wa Yaya a'a ba, ko a kan gishirin miya. Kwanon turare yana hannuna, hayaƙin kaskon yana tasowa tsakaninmu, ni kuma duk hankalina yana kan zanen da ke ƙasan ƙofa, ko ya toshe da kyau.

“Saboda tsuntsu?” in ji ta. “Abin da uwarmu ta yi har ta koma ga Allah, yau za a tsallake ɗaki a gidan ɗanta saboda tsuntsu? Ke da kaza ma ba ta kwana a hannunki, bari dai mu gani ko waɗannan za su kai baɗi.”

Wata daga cikin matan ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Maganar ta shige ni, hawaye suka cika mini ido, kuma da a da ne da na taya su dariyar na matsa. Na ce, “Amana aka ba ni, Yaya. Ki yi mini addu'ar daga nan, Allah yana ji. Amma kaskon ba zai shiga ba.”

Ta dube ni. Sannan ta sunkuya ta ajiye kaskon a ƙasa, a gabana, ta juya. Na ɗauke shi da sauri na kai can zaure. Yaya ta zauna wajen mai jego na ɗan lokaci, ba ta taɓa abinci ba, kafin azahar ta ce kanta na ciwo ta tafi. Aka ƙarasa taro ana yi mini kallon gefen ido. Da mutane suka watse na sa rigata na shiga ɗakin, na kasa kunne a jikin akwatin, na ji motsinta a ciki. Tana kan ƙwanta.

Abin bai wuce da sauƙi ba. Dangi suka ɗauke mini ƙafa, waya ma sai Alhaji ake kira. Shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa, ni kuma ban sassauta masa ba, na ce da ya buɗe baki da ba a kai nan ba. Bayan 'yan kwanaki na shirya na tafi Dutsen Abba, na durƙusa na ba Yaya haƙuri. Na ba ta haƙurin abin ya faru a gaban mutane, wannan kam ya dame ni har zuciya. Amma ban ce na yi kuskure ba, don ban yi ba. Ta ce, “Ba komai,” irin ba koman da kowa ya san da komai a ciki. Ko tabarma ba ta ce a shimfiɗa mini ba.

Ƙwan suka fara ƙyanƙyashewa ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya na ji wani siririn kuka daga akwatin, na leƙa na ga wani ɗan abu ja, tsirara, ido a rufe, mummuna ƙwarai, ni kuwa ban taɓa ganin abin da ya fi shi kyau ba. Na fito da gudu ba takalmi ina kiran Alhaji. Huɗu suka fito. Uku suka yi ta girma, na ƙarshen kuwa, autan, yayyensa suka riƙa danne shi, idan uwar ta zo ciyarwa ba ya samu. 'Yar jakar da ke ƙasan wuyansa, inda abinci ke taruwa, kullum a lotse take.

Na kira Hajiya ta zo. Ta ɗauko shi ta juya shi a tafin hannunta, ta ce sai an ciyar da shi da hannu, in ba haka ba ba zai yi rai ba. Na ɗauka cewa za ta yi za ta tafi da shi, har na fara neman kwali. Sai ta buɗe jakarta ta ciro ɗan cokalin nan ta miƙo mini.

“Ke za ki yi,” in ji ta. “Na ji labarin ranar suna, ya zo har Gyallesu. Daga yau na daina shinshina miki tsuntsaye, naki ne.”

Ta koya mini dama kunun, na gero mai laushi da ɗan gwaiduwar ƙwai, a ɗiga a bayan hannu a ji ɗuminsa, kada ya yi zafi kada ya huce. A karkata cokalin a gefen bakinsa, a bar shi ya sha da kansa, kada a ɗura. Na sa shi a ƙaramin kwano da tsumma mai laushi. Daga sallar asuba har magariba ina kansa, da jakar wuyan ta sauka sai in sake damawa. Na mayar da masu neman turare da yawa a wannan lokacin, na ce su dawo wani watan. Farko ko ɗaga kai ba ya iyawa. Daga baya ya fara jin motsin cokali a kofi yana kuka, sai gashi ya fara tsiro masa, shuɗi irin na ubansa. Ranar da ya tsaya da ƙafafunsa a tafin hannuna ya karkaɗe jiki, na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da Alhaji, Yaya ta zo duba shi. Muka gaisa sama-sama, na kai mata ruwa, ta shige wajen ƙaninta. Lokacin ciyar da auta ya yi, na dama kununa, na wuce ƙarshen gida, na canza riga na shiga. Ina zaune a kan tabarma da shi a hannu sai na ji takun mutum ya tsaya a bakin ƙofa. Na ɗaga kai na ga Yaya.

Daga inda nake ina jin ƙamshin mayafinta, turarena ne ma. Ba ta bari na yi magana ba. Ta zare mayafin ta rataye a reshen gwaiba, ta cire ɗankwalin sama ta ɗora a kan mayafin, ta ɗauki butar da ke bakin ƙofa ta wanke hannu. Yaya, wadda ban taɓa ganin ta ba mayafi ba, ta shigo da 'yar hular kanta ta zauna a gefena.

Ta jira har autan ya ƙoshi. Ta dubi manyan a kan sanda, ta dubi ukun da ke leƙowa daga akwati, sannan ta miƙo hannu. Na ɗora mata shi. Ya yi 'yan taku a tafinta, ya juyo ya hau yatsana ya dawo.

“Wa ya ciyar da wannan?” in ji ta.

“Ni ce, Yaya.”

“Tun yana tsirara?”

“Tun yana tsirara.”

Ta gyaɗa kai a hankali, ta shafa bayansa da ɗan yatsa. Sannan ta dube ni, ba shi ba, ta ce, “To Amarya, barka. Allah ya raya.”

Na je suna ba adadi, na faɗa wa mata wannan addu'ar da bakina ina murmushi, na dawo gida na ninke mayafina. Ba a taɓa faɗa mini ita ba sai ranar. Na ɗaga kai na ce amin da ƙarfi, yadda har Alhaji ya ji daga ɗakinsa.